'Yan Sanda da Baƙin da Suka Gudo Garinmu: Darasi Domin Ƙungiyoyin Manoma

Abin karantawa: Joshuwa 20:1-6, Rut 2:1-16, Ayyukan Manzanni 23:12-24.

Manufar darasi: Mu san taimakon da 'yan sanda za su iya yi wa mutanen da tashin hankali ya koro zuwa garuruwanmu, da abin da doka ta hana su yi, da kuma aikin da ya rataya a wuyan ƙungiyarmu.

Ga mai koyarwa: Darasin nan ya isa zama biyu. A karanta ayoyin da ƙarfi kafin a fara. In da hali, a gayyaci mai unguwa da ɗan sanda ɗaya su zo zama na biyu.

GABATARWA

'Yan'uwa manoma, yau ba maganar iri ko taki za mu yi ba, amma maganar ta shafi gona ƙwarai, gama mutum ba ya shuka sai hankalinsa a kwance ya ke.

Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu a arewa maso gabashin ƙasar nan. A 2014 abin ya yi tsanani, sa'ad da Gwoza da Bama da Mubi suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Jama'a suka warwatsu zuwa Gombe da Bauci da Kano da Jigawa. Mafi yawansu a gidajen dangi da abokan ciniki suka sauka, kaɗan ne suka shiga sansani. Daga baya 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka masu yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato. A 2022 kuma ambaliyar ruwa ta kori dubban mutane daga gidajensu a cikin Jigawa kanta.

Ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram tana kan iyaka da Jihar Bauci, manyan hanyoyi sun ratsa ta, akwai tudu akwai fadama. Saboda haka mai neman mafaka ba zai rasa ɓullowa Yalwan Damai ko ƙauyukan kewaye ba. Kan darasinmu shi ne: baƙon da aka san shi, aka san mai masaukinsa, shi ne ya ke zama lafiya, gari ma ya zauna lafiya. Babban taimakon ɗan sanda kuwa shi ne ya sa a san baƙo ba tare da an wulakanta shi ba, sa'an nan ya tsare shi kamar yadda zai tsare ɗan gari.

1. BAƘI IRI BIYU A GABAN DOKA

A bakinmu dukansu 'yan gudun hijira ne, amma doka ta kasa su kashi biyu.

Kashi na fari shi ne ɗan Nijeriya da ya gudo daga wata jiha ko wata ƙaramar hukuma. Irinsu ne mu ka fi gani a nan. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin tafiya da zama a ko'ina cikin Nijeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda kabila ko addini ko garin da ya fito. Watau mutumin Gwoza yana da ikon zama a Yalwan Damai daidai da yadda ɗan Yalwan Damai ya ke da ikon zuwa ci-rani Legas. Har wa yau, a 2009 ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniya a birnin Kampala domin irin waɗannan mutane, Nijeriya ta amince da ita a 2012. Yarjejeniyar ta ɗora nauyin tsaronsu a kan gwamnatin ƙasarsu.

Kashi na biyu shi ne wanda ya ƙetaro iyaka, daga Nijar ko Cadi ko Kamaru. Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, wadda Nijeriya ta shiga a 1967, da ta ƙasashen Afirka ta 1969. A 1989 gwamnati ta kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa. Gindin dokokin nan duka ɗaya ne: ba a komar da mutum inda ransa ya ke cikin haɗari. Ba ɗan sanda ne zai yanke ko baƙo ya cancanci mafaka ba. Aikinsa ya sada shi da ma'aikatan shige da fice da hukumar 'yan gudun hijira.

Kada kuma a yi gaggawar kiran mutum baƙon haure saboda harshensa ko zanen fuskarsa. A Janairu 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, aka kai shi Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta tabbatar ɗan Nijeriya ne. In an yi wa babban mutum haka, ina ga talaka wanda ya gudo ba takarda ko ɗaya a aljihunsa?

2. TSORO A KOWANE GEFE

Kafin mu ce ɗan sanda ya yi kaza, sai mu san abin da ya ke cikin zuciyarsa. A watan Afrilu 2014 'yan bindiga suka kai hari garin Gwaram da dare, suka afka wa ofishin 'yan sanda, suka kashe 'yan sanda da dama. Wanda ya binne abokan aikinsa, in ya ga baƙuwar fuska daga gabas, dole gabansa ya faɗi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Baƙon ma tsoro ya ke ji. Ya baro wurin da masu bindiga suka ƙone gidansa, waɗansu lokatai cikin kayan sarki na ƙarya. A hanya an tsare shi a shinge da yawa, an yi masa tambayoyi, watakila an karɓe ɗan guzurinsa. Ganin baƙin kaya ba ya kwantar masa da hankali. Saboda haka ya kan ɓoye, ya ƙi faɗin sunan garinsu. Ɓoyewar nan kuwa ita ce ta ke ƙara wa 'yan gari zargi.

Mu 'yan gari kuma muna da namu: ko ɗan leƙen asiri ne, ko zai cinye mana gonaki, ko zai karya kuɗin ƙwadago. In aka bar tsoron nan ya yi girma, ƙarshensa jini ne. A watan Maris 2025 aka tsare waɗansu matafiya mafarauta 'yan Jihar Kano a garin Uromi ta Jihar Edo, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16 ba bincike ba shari'a. Duk Arewa ta yi kuka. Abin da ya ba mu zafi da aka yi wa namu a garin wani, kada mu yarda a yi wa baƙo a garinmu.

Maganin tsoron nan guda ne, watau sanin juna, ta hanya mai tsari.

3. ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA MANA

A Joshuwa 20 mun ga an keɓe birane shida na mafaka. An yi su ne domin wanda ya kashe mutum ba da gangan ba, amma tsarin yana da amfani a gare mu. Mai gudu zai tsaya a ƙofar birni, ya bayyana maganarsa ga dattawa, su kuwa su karɓe shi, su ba shi wurin zama, kada su miƙa shi ga mai binsa. Ku lura, abu biyu ne tare: baƙo ya bayyana kansa, gari kuma ya ɗauki nauyinsa.

A Rut 2 mun ga baƙuwa, mutuniyar Mowab, gwauruwa, tana kala a gonar Bo'aza. Abin da Bo'aza ya fara yi shi ne ya tambayi shugaban masu girbi ko ita wace ce. Shugaban ya san ta, ya san wadda ta zo da ita. Daga nan Bo'aza ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, ya ba ta izinin shan ruwa a tulunansu. Tsaro da abinci tare suka zo mata.

A Ayyukan Manzanni kuwa mun ga wani ma'aikacin hukuma, Lisiyas, shugaban sojan Roma a Urushalima. Da taro ya tasar wa Bulus da duka, shi ne ya ƙwace shi daga hannunsu. Da fari ya zaci Bulus wani ɗan tawaye ne Bamasare, amma da ya yi tambaya ya gane ba haka ba ne (21:31-39). Daga baya mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa ba za su ci ba, ba za su sha ba, sai sun kashe Bulus. Ɗan 'yar'uwar Bulus ya ji, aka kai shi wurin Lisiyas. Lisiyas ya kama hannun yaron, ya ja shi waje ɗaya, ya saurare shi, ya ce kada ya faɗa wa kowa, sa'an nan ya fitar da Bulus da dare da rakiyar soja zuwa Kaisariya. Mutumin nan ba mai bi ba ne, amma ya hana hukuncin taro, ya bincika kafin ya yanke, ya saurari yaro, ya rufa asirin mai kawo labari. Irin ɗan sandan da mu ke roƙon Allah ya ba mu ke nan.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da irin wannan a tarihinsu. Musulmin farko da suka yi hijira zuwa Habasha, sarki Kirista ne ya karɓe su. Ya saurari bakinsu, ya ƙi miƙa su ga jakadun da suka biyo su. Saboda haka wannan aiki ne da za mu iya haɗa hannu da dukan gari a kansa.

4. ABIN DA AKA YI A MARAƊI

Bari mu ɗauki misali daga 'yan'uwanmu Hausawa na ƙetaren iyaka. A 2019 'yan bindiga suka kori mutanen ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Jihar Maraɗi ta ƙasar Nijar. Kafin ƙarshen daminar shekarar sun wuce mutum 40,000, mafi yawansu mata da yara. Manoman ƙauyukan bakin iyaka na yankin Gidan Rumji su ne suka fara buɗe masu ɗakunansu da rumbunansu.

Gwamnatin Nijar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi abu uku. Suka rubuta sunayen baƙin gida gida, har da hoton yatsa. Suka ɗauke waɗanda suka yarda daga bakin iyaka, inda 'yan bindiga su ke iya biyo su, zuwa cikin ƙasa. Sa'an nan maimakon a killace su a sansani can cikin daji, aka zaunar da su a gefen garuruwa uku: Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ruwan sha da makaranta da ɗakin magani da aka yi, na baƙi ne da 'yan gari gaba ɗaya.

Mu a nan ba mu da irin kuɗin da aka kashe a can. Amma hikimar ba ta kuɗi ba ce: a rubuta baƙo, a zaunar da shi inda ido zai gan shi, a sa 'yan gari su ma su amfana da zuwansa. Wannan kam ƙauye ɗaya da caji ofis ɗaya za su iya.

5. AYYUKA BAKWAI DA 'YAN SANDA ZA SU IYA YI

(a) Su karɓi baƙo ta hannun mai unguwa. Al'adarmu ce tun zamanin En'e: mai masauki ya kai baƙo wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. Abin da ya rage shi ne labarin ya isa wurin baturen 'yan sanda. Ya fi kyau ɗan sanda ya zo ƙofar gidan dagaci ya ga baƙin da a kira su caji ofis, gama wanda aka gani ya shiga caji ofis, gari ya kan ce laifi ya yi. A rubuta sunan mai gida, da yawan iyalinsa, da garin da ya fito, da sunan mai masaukinsa. Kada a karɓi ko kwabo. Littafin kuma ya zama asiri, domin akwai wanda masu binsa ba su haƙura ba.

(b) Su taimaka da maganar takardu. Wanda ya gudu da tsakar dare ba ya tsayawa neman katin zaɓe. Rashin takarda ba laifi ba ne. 'Yan sanda su kan ba da takardar shaidar ɓatan kaya, kotu ta ba da takardar rantsuwa, da su mutum zai nemi sabon katin ɗan ƙasa da takardun makarantar 'ya'yansa. Masu tsaron shinge a ranar kasuwa kuma ya kamata a sanar da su cewa akwai baƙi a ƙauye kaza, dagaci ya san da su, domin kada mutum ya tafi sayar da ɗan wakensa ya kwana a tsare.

(c) Su kashe jita-jita tun tana ƙarama. A ce an sace akuya biyu mako ɗaya bayan zuwan baƙi. Kafin azahar kowa ya yanke hukunci. Ɗan sanda ya zo da wuri, ya duba sawu, ya tambayi kowa, ɗan gari da baƙo. In ya gama, ya faɗi abin da ya samu a gaban dagaci. In baƙo ne ya yi, a kai shi kotu shi kaɗai, kada a haɗa da sauran. In ba shi ba ne, a wanke shi a fili, gama zargin da ba a wanke ba ya kan jira rana ta biyu.

(d) Su tsare mata da yara. Nan ne haɗari ya fi yawa. A Oktoba 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton mata da 'yan mata 43 da aka yi wa fyaɗe ko aka yaudare su da abinci a sansanonin Maiduguri, cikin waɗanda aka zarga har da masu tsaronsu. Bayan haka aka tura 'yan sanda mata zuwa sansanonin. Darasin shi ne, mace mai jin yunwa tana da sauƙin cuta, kuma ba za ta faɗi sirrinta a gaban kanta cike da maza ba. A samo 'yar sanda mace, ko dattijuwa amintacciya, ta zauna da ita. In fyaɗe ne, a kai ta asibiti nan da nan, kamar babban asibitin tarayya na Birnin Kudu, gama maganin rigakafin ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'a 72. Jihar Jigawa ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2021. Irin wannan laifi ba na sasantawa a zaure ba ne. Haka kuma masu zuwa da daɗin baki su ce za su kai yarinya aikatau birni, ya kamata a bincike su, in akwai shakka a sanar da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane.

(e) Su sa ido a kan 'yan sintiri. 'Yan sandan ƙasar nan ba su kai 400,000 ba, mu kuwa mun wuce miliyan 200. Dole ƙauye ya dogara ga 'yan sintiri. Amma ɗan sintiri ba alƙali ba ne. In ya kama mutum, sai ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da duka ba. Kada a sa wa baƙi kuɗin sintiri fiye da na 'yan gari. In kuwa an san halinsu, a sa samarinsu cikin masu gadin.

(f) Su taimaka wajen neman waɗanda suka ɓace. Gudu ya kan raba uwa da ɗa. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta rubuta sunayen mutum fiye da 20,000 da danginsu su ke nema a Nijeriya, yawancinsu yara ne sa'ad da suka ɓace. In an tsinci yaro ba kowa nasa, a rubuta a caji ofis, a sanar da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma da 'yan Red Cross. Kada wani ya ɗauke shi ya mai da shi bawan gona a ɓoye.

(g) Su ba baƙi kujera a kwamiti. Tun 1984 akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta tanadi kwamitocin tsaro na al'umma. Baƙi su zaɓi namiji ɗaya da mace ɗaya su riƙa zuwa taron. A nemi tafinta in akwai wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ko Barbarci ya ke ji, ko Margi, ko Fillanci. Waɗannan mutane sun ga yadda masifa ta fara a garinsu, sun san alamunta fiye da mu. In sun amince da ɗan sanda, su ne za su fara kawo masa labari.

6. ABUBUWAN DA DOKA TA HANA

Ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya riƙe waɗannan, ya koya wa baƙonsa:

1. Belin 'yan sanda kyauta ne.
2. Dokar 2020 ta hana a kama wani a madadin wani. Ba a kama mace don an rasa mijinta, ko uba don an rasa ɗansa.
3. Ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Wannan maganar dagaci ce ko ta kotu.
4. Wanda aka kama, dole a faɗa masa dalili, a kuma sanar da danginsa ba tare da an caje shi kuɗi ba.
5. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Manyan laifuka irin na kisankai suna da nasu tsarin dabam.
6. Duka ko azaba don mutum ya amsa laifi haramun ne.

In wani ma'aikaci ya ƙetare waɗannan, kada a yi faɗa da shi a hanya. A rubuta sunansa ko lambarsa, da rana da wuri, dattawa biyu su kai kuka wurin baturen 'yan sanda cikin ladabi. In ba a ji ba, akwai ofishin Kwamishina a Dutse, akwai kuma hukumar kare hakkin ɗan Adam ta ƙasa.

7. NAMU AIKIN

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan sanda baƙo ne shi ma, yau yana nan gobe an yi masa canji. Da ɗan gari a kan ci gari, 'yan garin kuwa mu ne.

Na fari, duk wanda ya saukar da baƙo ya kai shi wurin mai unguwa kafin kwana biyu, ko da ɗan ikkilisiya ne ya zo da takardar fastonsu. Maganar ba ta da tsawo: "Ranka ya daɗe, ga baƙo na yi daga wuri kaza, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu. A gidana su ke, ni ne mai masaukinsu." Kada ikkilisiya ta ɓoye baƙi don tausayi, gama ɓoyewar za ta jawo zargi a kansu da kanmu. Kada kuma mu taimaki namu kaɗai mu ƙyale baƙo Musulmi. Bo'aza bai ce sai 'yar kabilarsa za ta yi kala a gonarsa ba.

Na biyu, a rubuta maganar gona. Yawancin ƙarar da ta ke kai baƙo caji ofis daga nan ta ke tasowa. A kan ba mutum saura, ya sassabe, ya zuba taki, da ta fara kyau sai mai ita ya ce yana son abarsa. Sakataren ƙungiya ya rubuta: gonar wane ce, ina iyakarta, aro ne ko haya, damina nawa, dami ko buhu nawa za a ba mai gona, wa zai ɗebi ɗorawa da kuka da tsamiyar da su ke ciki. Shaidu biyu su sa hannu a gaban dagaci, a yi kofe uku. In baƙon yana da dabbobi, a nuna masa burtali da mashaya tun ranar farko.

Na uku, a biya baƙo kuɗin ƙwadago daidai da ɗan gari, a kuma biya a ranar. Wanda ya ci gumin mai gudun hijira don ya san ba shi da inda zai kai ƙara, ya karanta Maimaitawar Shari'a 24:14-15.

Na huɗu, a sa shi cikin gayya da adashi. A ba shi rancen iri daga rumbun ƙungiya, ya biya da kaka. Zumuntar Mata ta ziyarci matan, ta raka su awo da rigakafin yara, ta kuma ga cewa an sa yaran a makaranta.

Na biyar, kada tausayi ya rufe mana ido. Ana iya samun mugu ya saje cikin masu gudu. Amma abin dubawa shi ne aikinsa, kamar ɓoye makami, ko karɓar baƙin dare waɗanda ba ya so a gani, ko yawan tambayar gidan masu shanu da lokacin da 'yan sintiri su ke kwanciya. Harshensa da tufafinsa ba shaida ba ne. Wanda ya ga irin wannan ya faɗa wa dagaci da ɗan sanda a asirce, kamar yadda ɗan 'yar'uwar Bulus ya yi. Kada ya kai maganar majalisar mai shayi.

Na shida, mu ma mu daina lalata ɗan sanda. Wanda ya ba shi cin hanci don ya tsorata baƙo ya bar gona, laifinsa ya fi na mai karɓa. Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi sojoji a kan ƙwace da ƙazafi (Luka 3:14), Bulus kuma ya ce a yi wa masu mulki addu'a (1 Timoti 2:1-2). Dukansu biyu aikinmu ne.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Baƙi nawa ne suka zauna a ƙauyenmu cikin shekara goma da suka wuce? Mai unguwa ya san da dukansu?
2. Waɗanne abubuwa huɗu ne Lisiyas ya yi da za mu so ɗan sandanmu ya yi?
3. In aka yi sata aka zargi baƙon da ya ke gidanka, me za ka fara yi?
4. Me ya sa mace ba ta son kai ƙara caji ofis? Yaya Zumuntar Mata za ta taimaka?
5. Akwai gonar aro a cikinmu da ba a rubuta ba?

AIKIN YI KAFIN TARO MAI ZUWA

A zaɓi mutum uku, ɗaya mace, su je gaisuwa wurin dagaci, sa'an nan su tafi tare da wakilinsa wurin baturen 'yan sanda. Su karɓo lambar wayar ofis, su tambayi ranar taron kwamitin 'yan sanda da jama'a. Sakatare ya sayi littafi ɗaya domin rubuta yarjejeniyar gonaki. Kowane ɗan ƙungiya ya kawo kwano ɗaya na iri zuwa rumbun baƙi.

ADDU'A

A yi addu'a domin waɗanda suka bar gonakinsu ba da sonsu ba, Ubangiji ya ba su wurin zama da abin shukawa. A yi addu'a domin 'yan sandan Birnin Kudu da Gwaram, da iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki. A roƙa wa hakimai da dagatai da masu unguwanni hikima. A roƙa mana zuciyar karɓar baƙo da idon lura. Amin.